TASKAR MUTANEN DAURI: Ƙattan Yunanawa da Abin da Ya Kayar da Su

A tsibirin Sisili, kudu da ƙasar Italiya, akwai wani dutse mai aman wuta wanda ake kira Etna, tsawonsa ya haura mita 3,300. Tun kafin a fara rubuta tarihi dutsen nan yake fid da hayaƙi, wani lokaci kuma ya yi ruri, ƙasa ta girgiza, narkakken dutse ya kwararo ya cinye gonaki da gidaje. Masana na wannan zamani sun gano cewa zafin cikin ƙasa ne ke narkar da duwatsu, su kuwa su nemi mafita ta bakin dutsen. Amma Yunanawan da suka ƙetara teku suka kafa garuruwa a gindinsa, yau fiye da shekara 2,700, ba haka suka fassara al'amarin ba. Cewa suka yi wani ƙato ne aka danne a ƙarƙashin dutsen, wutar nan numfashinsa ce, girgizar ƙasar kuwa juyi yake yi idan ya gaji da kwanciya a kan gefe guda.

Yunanawa su ne mutanen ƙasar Girka na dauri. Masu bautar gumaka ne, suna da abubuwan bauta barkatai, maza da mata, waɗanda suka riya cewa suna zaune bisa dutsen Olimfus, suna ci, suna sha, suna aure, suna kishi da faɗa kamar 'yan Adam. Ba sai an gaya wa mai karatu cewa duk wannan tatsuniya ce ba, kuma ko cikin Yunanawan kansu akwai waɗanda suka ƙi ta. Wani malaminsu mai suna Zenofanis ya ce labarun yaƙin ƙattai ƙage-ƙagen mutanen farko ne marasa amfani, Aflatun kuma ya ba da shawara kada a riƙa gaya wa yara su. Duk da haka tatsuniyar kowace al'umma takan nuna abin da take tsoro da abin da take girmamawa, shi ya sa a wannan mako filin nan zai dubi ƙattan Yunanawa, a ga su wane ne, da kuma abin da ya kayar da su.

Idan Bahaushe ya ce ƙato, ko basamude, girman jiki yake nufi. A wajen Yunanawan farko kuwa girman jiki ba shi ne kan gaba ba. A garin Delfi akwai wani sassaƙe na dutse da aka yi wajen shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wanda ke nuna yaƙin ƙattai da abubuwan bauta. Ƙattan da ke ciki ba su fi abokan faɗansu tsawo ba, sojoji ne da kwalkwali da garkuwa da mashi kamar kowane mayaƙin Girka. Sai daga baya masu zane suka ƙara musu girma da muni, har suka ba su macizai a maimakon ƙafafu. Abin da ya bambanta su tun asali wani hali ne da Yunanawa ke kira hubiris, watau mai ƙarfi ya wuce gona da iri, ya ci zarafin wani don kawai ya ga babu mai iya hana shi. A birnin Atina laifi ne da ake kai mutum gaban shari'a a kansa.

ASALINSU

Wanda ya fara tsara asalin ƙattan a rubuce shi ne wani mawaƙi makiyayi mai suna Hesiyod, wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa. A cewarsa Ƙasa mace ce, sunanta Gaya, Sama kuma namiji, sunansa Uranos. Suka haifi 'ya'ya kashi uku. Na farko Titanawa su 12, maza shida mata shida. Na biyu Masu Ido Ɗaya su uku, maƙera ne, kowane da ido guda a tsakiyar goshi. Na uku Masu Hannu Ɗari, su ma uku, kowane da hannu 100 da kai 50. Uban ya tsani 'ya'yan nan, duk wanda aka haifa sai ya mayar da shi cikin uwarsa ya hana shi ganin haske. Da abin ya ishi Gaya sai ta ƙera lauje ta nemi wanda zai rama mata. Duk suka yi shiru don tsoro, sai autan Titanawa, Kuronos, shi ya karɓi laujen, ya yi kwanto, ya sare wa ubansa gaba. Jinin da ya ɗiga a ƙasa shi ne ya tsiro ya zama wata zuriya da ake kira Gigantis, waɗanda a nan za a kira Gigantawa, aka haife su sanye da sulke, da dogayen masu a hannu. Daga sunansu ne aka ciro kalmar nan giga, mai nufin miliyan dubu, wadda ake auna ma'ajiyar kwamfuta da datar wayar hannu da ita.

Kuronos ya hau mulki, amma bai ɗauki darasi daga abin da ya sami ubansa ba. Da aka gaya masa ɗansa zai tumɓuke shi, sai ya shiga haɗiye 'ya'yansa da zarar an haife su. A haihuwa ta shida matarsa Riya ta naɗe dutse cikin zane ta miƙa masa ya haɗiye, ta ɓoye jaririn a wani kogo a tsibirin Kirit. Wannan jariri shi ne Ziyus. Da ya girma ya sa uban ya amayar da 'yan'uwansa, aka ja daga tsakanin iyaye da 'ya'ya har shekara 10 babu wanda ya rinjayi wani. Daga bisani Ziyus ya sako baffanninsa daga ɗauri. Masu Ido Ɗaya suka ƙera masa aradu, Masu Hannu Ɗari kuma suka riƙa sakin duwatsu 300 a jifa guda, har Titanawa suka karye. Aka jefa su wani rami mai suna Tartarus, wanda aka ce da za a saki uwar maƙera daga doron ƙasa sai ta kwana tara tana faɗuwa kafin ta isa ƙasansa. Ɗaya daga cikin zuriyarsu, Atlas, aka yanke masa hukuncin ɗaukar sama a ka a can yammacin duniya. Sunansa ne ke kan duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, da tekun Atlantika, da littafin taswira da 'yan makaranta ke dubawa.

Abin lura a nan shi ne Masu Hannu Ɗari sun fi kowa girma da ban tsoro, amma ba a lissafa su cikin miyagu ba, domin sun ba da ƙarfinsu ga tsarin da aka kafa. Su ne ma aka ba gadin kurkukun Tartarus.

YAƘIN GIGANTAWA

Gaya ba ta ji daɗin yadda jikanta ya kulle mata 'ya'ya ba, saboda haka ta zuga Gigantawa su tashi. Cikakken labarin yana cikin wani littafi da ake danganta wa Apolodorus, wanda aka tattara a ƙarni na 1 ko na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Ƙattan suka taru a wani fili da ake kira Filegira, watau wurin ƙuna, suka shiga jifan sama da duwatsu da itatuwa masu cin wuta. Su Ziyus kuwa suna da labari daga masu duba cewa babu ƙaton da zai mutu a hannun abin bauta shi kaɗai, sai in ɗan Adam ya sa hannu. Gaya ta ji wannan magana, ta bazama neman wani ganye da zai tsare 'ya'yanta har daga ɗan Adam ɗin. Ziyus ya hana rana da wata da alfijir fitowa, duniya ta yi duhu ƙirin, ya riga ta tsinke ganyen, sa'an nan ya aika aka kirawo Hirakilis, wani jarumi wanda uwarsa 'yar Adam ce.

Aka gwabza. Hirakilis ya harbi Alkiyoniyus da kibiya ya faɗi, amma da taɓa ƙasa sai ya miƙe, domin ba ya mutuwa muddin yana cikin ƙasar haihuwarsa. Atene, wadda Yunanawa suka ɗauka uwar hikima da dabarun yaƙi, ta ba da shawara a ja shi a fitar da shi daga iyakar ƙasar, can kuwa ya cika. Porfiriyon ya kai wa Hira, matar Ziyus, hari, har ya fara yayyage mata tufafi, Ziyus ya buge shi da aradu, Hirakilis ya ƙarasa shi da kibiya. Polibotis ya arce ta cikin teku, Posaidon sarkin ruwa ya ɓamɓaro wani yanki na tsibirin Kos ya danne shi da shi, yankin nan ya zama tsibirin Nisiros, wanda shi ma dutse ne mai aman wuta. Enkeladus ya gudu yamma, Atene ta ɗauki tsibirin Sisili ɗungurungum ta kifa masa. Shi ne wanda aka ce yana numfashi ta bakin Etna, ko da yake waɗansu mawaƙa sun ce wani dodo ne mai kai 100 da ake kira Taifon.

Wannan imani ya daɗe. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, sa'ad da dutsen Besubiyus ya yi aman da ya binne garin Pompei, masanin tarihin Rumawa Kasiyus Diyo ya rubuta daga baya cewa mutane sun riƙa ganin siffofin ƙattai cikin hayaƙin, har waɗansu suka zaci sun sake tasowa ne. Sunan Enkeladus kuma aka raɗa wa wani ƙaramin wata da ke kewaya tauraron Zuhal, wanda William Herschel ya gano a 1789. A shekara ta 2005 kumbon Cassini ya hango shi yana fesar da tururi da ƙanƙara daga cikinsa, sai ka ce waɗanda suka raɗa sunan sun sani.

Akwai kuma waɗansu 'yan'uwa biyu, Otus da Efiyaltis, waɗanda mawaƙi Homa ya ba da labarinsu. Suna da shekara tara faɗinsu ya kai kamu tara, tsawonsu gaba tara. Sun taɓa kama Aris, ubangidan yaƙi, suka cusa shi cikin randar tagulla ya yi wata 13. Da suka ga sun yi wannan babu abin da ya same su, sai suka ƙudura aniyar ɗora dutsen Osa bisa Olimfus, su ɗora Peliyon bisa Osa, su yi tsani su hau sama. A wata ruwaya Apolo ya kashe su tun gemu bai fito musu ba. A wata kuma Artemis ta rikiɗa ta zama barewa ta ratsa tsakaninsu a guje, kowane ya saki mashi, suka soke juna.

A gefen Afirka, a yankin da Yunanawa ke kira Libiya, sun ce an yi wani ɗan Gaya mai suna Antayus, wanda kan tilasta duk baƙon da ya ratsa ƙasarsa su yi kokawa, ya kashe shi, ya tara ƙoƙunan kawunan. Duk sa'ad da aka kayar da shi sai uwarsa ta ƙara masa ƙarfi. Hirakilis ya gane sirrin, ya sunkuce shi sama, ya matse shi ƙafafunsa na lilo har ya mutu.

MAI IDO ƊAYA DA BAƘINSA

Labarin da ya fi kowane shahara shi ne na Polifimus, wanda ke cikin waƙar Homa mai suna Odisi. Wannan kam ƙato ne har a jiki, amma kafin Homa ya faɗi girmansa sai da ya fara bayyana zaman danginsa. Ba sa noma, ba sa shuka, ba su da jirage, ba su da majalisa, ba su da shari'a. Kowane yana cikin kogonsa yana mulkin matarsa da 'ya'yansa, babu ruwan wani da wani. A idon Bayunane, wanda rayuwarsa ke kan dandalin gari da shawara, wannan zama shi ne asalin dabbanci.

Odisiyus, sarkin tsibirin Itaka, yana kan hanyar komawa gida daga yaƙin Taroyi, ya sauka ƙasarsu, ya ɗebi mutum 12 suka shiga wani kogo cike da cuku da madara da 'yan raguna. Mutanensa suka ce a kwashi abin da za a kwasa a gudu, shi kuwa ya ce sai ya ga mai gidan, ko ya sami kyautar baƙunci. Da yamma Polifimus ya koro garkensa, ya toshe bakin kogon da wani dutse wanda aka ce ko amalanke 22 ba za su gusar da shi ba. Odisiyus ya roƙe shi ya girmama haƙƙin baƙo, ya tuna masa cewa Ziyus ne majiɓincin baƙi. Ƙaton ya amsa cewa su ba su damu da Ziyus ba, domin sun fi shi ƙarfi. Nan take ya cafki mutum biyu ya fyaɗa su da ƙasa ya cinye. Da safe ya ci biyu, da yamma ya ƙara biyu.

A daren farko Odisiyus ya zare takobi zai soke shi yana barci, sai ya tuna cewa in ƙaton ya mutu babu mai buɗe musu kogon. Ya mai da takobi kube. Washegari, bayan mai gidan ya fita kiwo, suka sami wani gungumen zaitun suka fiƙe shi, suka gasa tsininsa a wuta, suka ɓoye cikin kashin tumaki. Da dare Odisiyus ya miƙa masa giyar inabi mai ƙarfi, ya sha ƙwarya uku, ya tambayi sunan baƙon domin ya yi masa kyauta. Odisiyus ya ce sunansa Ba Kowa. Kyautar da ƙaton ya yi masa kuwa ita ce alkawarin shi zai ci a ƙarshe. Da barci ya kwashe shi suka zura masa gungumen cikin idon nan guda. Ya kurma ihu, maƙwabta suka taho bakin kogon suna tambaya wa ke cutar sa, ya ce Ba Kowa. Jin haka suka ce to ciwo ne, suka koma suka kwanta. Da gari ya waye ya zauna bakin ƙofa yana shafa bayan kowane rago mai fita, bai sani ba mutanen suna ɗaure a ƙarƙashin cikin ragunan.

Da labarin a nan ya ƙare, da sai a ce dabara ta kayar da ƙarfi, shi ke nan. Amma Homa ya ci gaba. Da jirgin ya yi nisa kaɗan, daɗin nasara ya ɗebi Odisiyus, ya ɗaga murya yana yi wa makahon ba'a. Mutanensa suna roƙon sa ya yi shiru, ya ƙi, har ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da na garinsu. Polifimus kuwa ɗan Posaidon ne, da samun sunan ya ɗaga hannu ya kai ƙara wajen ubansa. Odisiyus ya bar Taroyi da jirgi 12, amma sai bayan shekara 10 ya isa gida, shi kaɗai, cikin jirgin waɗansu, babu ko ɗaya daga cikin mutanensa. Baki shi ke yanka wuya. Halin da ya makantar da ƙaton shi ne ya kama wanda ya makantar da shi, tun bai bar gaɓar tekun ba.

ƘASUSUWA DA GANUWOYI

To, ina Yunanawa suka samo tabbacin cewa an taɓa yin mutane masu irin wannan girma? Idonsu ne ya nuna musu abubuwan da ba su da fassararsu. Herodotus, wanda ake kira uban tarihi, ya ba da labarin wani maƙeri a garin Tegiya da ke haƙa rijiya a gidansa, ya ci karo da akwatin gawa mai tsawon kamu bakwai, da ƙasusuwa daidai tsawonsa. Mutanen Sparta suka yi dabara suka kwashe su, suna cewa na wani jaruminsu ne. Wajen shekara ta 81 kafin haihuwar Annabi Isa wani sarkin yaƙin Rumawa mai suna Sartoriyus ya sa aka tone wani tudu a Tanja, cikin Maroko ta yau, inda aka ce kabarin Antayus ne, kuma Pulutak ya ruwaito cewa ƙasusuwan da aka gani sun kai kamu 60, har ya firgita ya yi yanka ya sa aka mayar da ƙasa. Sarkin Rum Agustus ma ya tara manyan ƙasusuwa a gidansa na tsibirin Kapri, waɗanda mutane ke kira ƙasusuwan ƙattai.

Yanzu an san cewa ƙasashen bakin Bahar Rum cike suke da ƙasusuwan giwaye da karkanda da raƙuman dawa na zamanin da ya shuɗe. A yankin Megalopolis na Girka, inda mazauna wurin suka ce a ƙasarsu aka yi yaƙin Gigantawa domin wuta na fitowa daga ƙasa, an sami kwal mai kama wuta da kansa, an kuma haƙo ƙasusuwan giwaye masu yawa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Adrienne Mayor, ta wallafa littafi a shekara ta 2000 inda ta nuna cewa wurare da dama da aka ce fagen ƙattai ne sun dace da wuraren da ake samun irin waɗannan ƙasusuwa. Tun 1914 kuma wani masani ɗan Ostiriya, Othenio Abel, ya kawo ra'ayin cewa ƙoƙon kan wata irin gajeriyar giwa da ta taɓa rayuwa a Sisili da Malta da Kirit shi ne asalin Mai Ido Ɗaya, domin a tsakiyar goshinsa akwai wani babban rami inda hannun giwa ke fitowa, wanda bai san giwa ba sai ya ce gurbin ido ne. Wannan ra'ayi ne, masana ba su haɗu a kansa ba.

Haka nan ganuwoyin Maisini da Tirins, waɗanda aka gina da tafka-tafkan duwatsu. Dutsen da aka gicciya bisa Ƙofar Zakuna ta Maisini, wadda aka gina wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kimanta nauyinsa ya kai tan 20. Daular da ta gina su ta rushe, har ilmin rubutu ya ɓace a Girka na ɗaruruwan shekaru. Da na baya suka zo suka ga ganuwoyin sai suka ce aikin Masu Ido Ɗaya ne. A 1952 wani Bature ɗan Ingila, Michael Ventris, ya warware rubutun da maginan suka bari a kan allunan yumɓu, sai ga shi da harshen Girka aka yi shi. Ashe kakanninsu ne.

SARAKUNA SUN ARI LABARIN

Masu mulki ba su bar tatsuniyar a hannun mawaƙa ba. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa Sarkin Farisa Zarksis ya taho da runduna don ya ci Girka. Herodotus ya ce ya haƙa mashigin ruwa ya ratsa ƙasar da ke gindin dutsen Atos, ya ɗaura gada a kan teku, da hadari ya karya gadar kuma ya sa aka yi wa tekun bulala 300. Ya ƙone birnin Atina, amma a ƙarshe aka ci shi da yaƙi. Da mutanen Atina suka tashi gina babban ɗakin bautarsu, Partenon, a shekara ta 447, suka sassaƙa yaƙin Gigantawa a alluna 14 bisa fuskarsa ta gabas, kuma shi ne ake saƙawa a jikin rigar da suke kai wa gunkin Atene a babban bikinsu. Masana da yawa na ganin duk ɗan Atina da ya ɗaga kai ya dubi allunan ya san su wa ake nufi da ƙattai.

Sarakunan Pargamon, wadda ita ce Bergama a Turkiyya ta yau, su ma haka suka yi bayan sun rinjayi Galatiyawa, wata ƙabila da ta ƙetaro daga Turai ta addabi yankin da hari da karɓar gandu. A zamanin sarki Yuminis na biyu, wanda ya yi mulki daga 197 zuwa 159, aka gina wani babban dandamalin hadaya, aka kewaye shi da sassaƙen yaƙin mai tsawon mita 113. A ciki ana ganin Atene ta damƙi gashin Alkiyoniyus, uwarsa Gaya kuma ta ɓullo daga ƙasa tana roƙo a bar mata ɗanta. Wani injiniya Bajamushe, Carl Humann, ya fara haƙo shi a 1878, aka kwashe shi zuwa birnin Balin.

Sai dai kiran wani ƙato abu ne mai sauƙi. Atina da ta kori Farisawa ta zama shugabar ƙawancen garuruwan Girka, sannu a hankali ta mai da ƙawayen nata talakawa masu biyan haraji, ta ɗauke baitulmalin ƙawancen ta kawo gida. A shekara ta 416 ta tura runduna ƙaramin tsibirin Melos, wanda ya ce shi ba ya bayan kowa a yaƙin da ake yi da Sparta. Masanin tarihi Tukididis, shi kansa ɗan Atina, ya rubuta cewa jakadun birninsu sun gaya wa mutanen Melos ƙiri-ƙiri cewa zancen adalci tsakanin tsara da tsara ake yin sa, mara ƙarfi kuwa sai haƙuri. Amsar da Polifimus ya ba baƙinsa ke nan, an dai sake mata riga. Da Melos ta ƙi miƙa wuya aka kashe mazanta, aka sayar da mata da yara bayi.

Shekara guda bayan haka, a 415, Atina ta shirya jiragen yaƙi 134 ta tura su cin tsibirin Sisili. Rundunar ta yi sansani a Katana, a gindin Etna, dutsen nan da suka yi imani uwar birninsu ta danne ƙato da shi. A 413 aka hallaka rundunar kakaf a Sirakusa, aka kashe shugabanninta biyu, aka zuba fursunoni aƙalla 7,000 cikin ramukan fasa dutse, rana da sanyi da yunwa suka cinye da yawansu. A 404 Atina ta miƙa wuya ga Sparta, aka rushe ganuwarta.

Mutanen da suka fi kowa iya ba da labarin ƙattai, suka sassaƙa shi a ɗakin bautarsu, suka saƙa shi a rigar gunkinsu, ba su gane kansu a ciki ba sa'ad da ƙarfi ya zo hannunsu. Gumakansu yau sun zama kayan kallo a gidajen tarihi, amma halin da suka siffanta yana nan tare da 'yan Adam, a fada da kasuwa da ofis, da tsakanin manyan ƙasashe da ƙanana. Duk wanda aka ba iko, tun daga mai gida har shugaban ƙasa, ranar da ya fara ganin doka don waɗansu aka yi ta, ya kama hanyar Filegira. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa. Allah Ya tsare bayinsa daga gare shi. Sai wani makon.